Iskar Bayan Iyakwandishan: Wuta Nawa Ce a Cikinta?

Duk wanda ya taɓa gittawa ta gaban akwatin iyakwandishan da ake girkewa a waje cikin watan Afirilu ya san yadda iskar nan take bugun mutum. Ga zafi, ga ƙarfi, tana kaɗa riga, tana share ƙurar da ke gabanta har ƙasa ta yi fes. Don haka ba abin mamaki ba ne mai tunani ya tsaya ya ce wannan iska fa a banza take tafiya. Me zai hana a kafa mata 'yar farfela, a haɗa da dinamo, wato ɗan injin da ke ba da wuta idan an juya shi, a sami wutar cajin waya ko ta kunna ƙwan lantarki biyu? Wasu ma suna kai tunanin gaba, su ce a tara wutar a batir a mayar wa na'urar, ta rage wa mai gida kuɗin wuta. Bidiyon masu gwada wannan dabara ya cika YouTube da TikTok, kuma a ƙasashe masu zafi irin su Indiya da Malesiya ɗaliban injiniya sun sha ɗaukarta a matsayin aikin kammala karatu.

Ban ga laifin mai wannan tunani ba ko kaɗan. Buƙata ce ta haife shi. A watan Afirilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit (wat 1,000 na tsawon awa ɗaya), kafin daga baya a ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. A farkon Afirilun 2024 ɗin ne kuma zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Kafin nan, tun 29 ga Mayun 2023 an cire tallafin man fetur, janareta ya zama sai wane da wane. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram kuwa ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ya ga iska tana zuba a banza, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu.

Sai dai ina ganin an kai farautar inda babu nama. Akwai makamashi mai yawa da iyakwandishan yake ci, akwai mai yawa kuma da yake zubarwa, amma kusan babu ko ɗaya daga cikinsu a cikin gudun iskar nan. Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata duk mai shirin kashe kuɗinsa da lokacinsa ya yi shi kafin ya tafi kasuwa sayen dinamo.

Mu fara da abin da na'urar take yi. Iyakwandishan ba ya ƙirƙirar sanyi. Kwasar zafi yake yi daga cikin ɗaki ya fitar da shi waje. Gas ɗin da ke zagaya cikin bututun tagulla yana shan zafin ɗaki a akwatin ciki, sai kwamfuresa ta matse shi har ya fi iskar waje zafi, ya bi ta cikin lanƙwasassun bututu masu siraran fukafukan alminiyon a akwatin waje, a nan ne fanka take jawo iska ta ratsa su ta ɗauke zafin. Wato iskar da ake ji tana bugun mutum ba shara ba ce. Ita ce take kammala aikin. Idan ba ta wuce yadda ya kamata ba, zafin ɗakin bai fita ba ke nan.

Mu ɗauki wanda aka fi sani a gidaje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Irin wannan yana kwashe zafi kimanin wat 3,500 daga ɗaki, yana kuma shan wuta kimanin wat 1,100 zuwa 1,200. Kusan duk wannan wuta kwamfuresa ce take shanye ta. Injin fankar waje ɗan ƙarami ne, yawanci tsakanin wat 30 zuwa 50. Duk wanda ya buɗe akwatin zai ga takardar da aka manna a jikinsa da wannan adadi. Tun daga nan maganar ta fara fitowa fili. Iskar ba daga sama ta faɗo ba, wannan ɗan injin ne ya tura ta, kuma ba za ta taɓa ɗauke da ƙarfin da ya wuce wanda ya ba ta ba. Ko da a ce za a iya kame duk abin da ke cikinta ba tare da asarar ƙwayar zarra ba, iyakar abin da za a samu bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da na'urar take sha ba.

Amma ko kusa ba a kai nan. Wani kaso na wutar fanka yana ƙarewa a ɗumama injin kansa, wani a gugar fukafukai da iska, kaso mai tsoka kuma yana tafiya wajen jawo iskar ta cikin matsattsun fukafukan alminiyon, wanda shi ne aikin da aka sa fankar dominsa. Abin da ya rage a matsayin gudu shi ne abin da farfelar mai gwaji za ta tarar. Fankar irin wannan na'ura faɗinta kimanin santimita 40 ne, tana kuma tura iska kimanin lita 500 a kowace daƙiƙa, da gudun kusan mita 4 a daƙiƙa. Nauyin wannan iska bai wuce rabin kilo da ɗan ɗori ba. Ƙa'idar da ake koyarwa tun sakandare ta ce a ninka gudu da kansa, a ninka da nauyi, a raba biyu: 4 sau 4 ya ba da 16, sau 0.58, a raba biyu, an sami wat 4.6. A ce wat 5. Wannan shi ne dukan dukiyar da ake magana a kanta, tun kafin a fara rabo.

Rabon kuwa yana da masu kaso da yawa. A 1919 wani masanin kimiyya Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa babu farfelar da za ta iya cire fiye da kashi 59.3 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Dalilin a sarari yake: idan ka cire duk ƙarfin, iskar ta tsaya cik a bayan farfela, ta tare wa mai zuwa hanya. Dole a bar mata abin da za ta wuce da shi. Manyan injinan iska na zamani, waɗanda aka kashe biliyoyi wajen tsara fukafukansu, suna kaiwa kashi 45 zuwa 50. 'Yar farfelar da aka yanka daga bututun roba ko aka ciro daga tsohuwar fanka, idan ta kai kashi 25 ta yi ƙoƙari. Sannan ƙaramin dinamo ya ci nasa, waya da na'urar caji su ci nasu. Abin da ke isa batir wat ɗaya ne, ko ƙasa da haka.

Wat ɗaya cikin sa'o'i 8 na dare bai kai rabin abin da batirin wayar zamani yake ɗauka ba. Sai an kwana biyu, wani lokaci uku, kafin waya ɗaya ta cika. A cikin waɗannan sa'o'i 8 ɗin kuwa na'urar ta sha yunit 7 zuwa 9. Idan aka yi haka kullum har shekara ta zagayo, abin da farfelar ta tara bai cika yunit 3 ba, kuɗinsa ko a farashin Band A na 2024 bai kai naira 700 ba. Dinamo da batir da waya da ƙarfen walda kuwa kowa ya san ba za su samu a haka ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wani zai ce ai injinan iska suna ba da wuta mai yawa, ga su nan a Lambar Rimi ta jihar Katsina. Haka ne. A can an kafa injina 37, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, jimilla megawat 10, duk da cewa aikin ya daɗe yana jan ƙafa. Amma a duba girmansu. Faɗin da'irar da fukafukan kowane ɗaya suke sharewa mita 32 ne, a kan hasumiya mai tsawon mita 55. Filin iskar da inji ɗaya yake tarewa ya ninka bakin fankar iyakwandishan fiye da sau 6,000. Sannan, abin da ya fi muhimmanci, iskar Rimi rana ce take tayar da ita, babu wanda mitarsa take juyawa dominta. Iskar bayan iyakwandishan kuwa kai ka saye ta da kuɗinka, daƙiƙa ɗaya kafin ta iso farfelar.

Da a ce iyakar matsalar ƙarancin riba ce, da sai a ce a bar mai sha'awa ya yi abinsa. Abin da ya sa nake ganin ya kamata a yi maganar da babbar murya shi ne asarar da ba a gani. Farfelar da aka kafa dab da bakin fanka tana tare iska. Ba yadda za a yi ta ciri ƙarfi daga iskar ba tare da ta rage mata gudu ba, ai ragewar ita ce cirar. Fankar sai ta ji turjiya a gabanta, iskar da take iya jawowa ta cikin bututun ta ragu. Wani sashe na iskar mai zafi kuma yana bugun farfelar ya watsu gefe, ya zagayo ta bayan akwatin, fanka ta sake shaƙarsa. Duka biyun sakamakonsu ɗaya: gas ɗin ba ya hucewa yadda ya kamata, matsinsa ya hau, kwamfuresa ta ƙara wahala. Injiniyoyin sanyi suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk digiri ɗaya da zafin gas ya ƙaru a akwatin waje, wutar da kwamfuresa take sha tana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Idan iskar ta ragu da kashi ɗaya cikin goma kawai, ana iya samun ƙarin kusan digiri ɗaya. A kan na'ura mai shan wat 1,100, wannan ƙarin wat 20 zuwa 30 ne. An sami ɗaya a fili inda kowa yake gani, an yi asarar ashirin a cikin mita inda babu mai dubawa. Kamar ɗan kasuwa ne da yake murnar naira ɗayan da ta shigo aljihunsa na dama, bai san daga na hagu ta fito ba, kuma a hanya ta tafi da 'yan'uwanta.

A yankinmu abin ya fi haka tsanani. Akasarin na'urorin da ake ƙerawa, ana auna ƙarfinsu ne a kan zafin waje na digiri 35. Akwai rukuni na musamman da ake yi wa ƙasashe masu tsananin zafi, wanda ake gwadawa a digiri 46, amma ba shi ne ya cika kasuwanninmu ba, balle na hannu da ake shigowa da su. A Sakkwato da Maiduguri da Agadas da Injamena zafin Afirilu da Mayu yana haura 43, akwatin kuma sau da yawa yana manne a bangon da rana take duka tun azahar. Na'urar dama a bakin iyakarta take aiki. Duk mai gyaran firji da iyakwandishan ya san abin da ke biyo baya idan aka ƙara mata nauyi: kwamfuresa ta yi zafi ta yanke kanta, ta huce ta tashi, ta sake yankewa, wata rana ta ƙone gaba ɗaya. Shi ya sa littafin da ke zuwa da na'urar yake gindaya sharaɗin a bar fili a gaban akwatin waje, wasu kamfanonin har mita 2 suke nema. Garin neman gira a rasa ido, kuɗin sabuwar kwamfuresa ya fi abin da farfelar za ta tara a tsawon rayuwar mai ita.

A nan akwai tambayar da ta cancanci amsa ta gaskiya, don masu wannan dabara ba duka ne suke mafarkin injin da ke ciyar da kansa ba. Masu zurfin tunani a cikinsu suna cewa: to, idan aka ja farfelar baya, nesa da bakin fanka yadda ba za ta dame ta ba fa? Ai iskar da ta riga ta fita ta gama aikinta, gudun da ya rage mata watsewa zai yi a sarari. Wannan magana daidai ce. Babu ƙa'idar kimiyyar da ta hana a tsinci wannan ragowar. Matsalar ita ce iskar da ta fito daga fanka tana murɗawa, tana buɗewa, tana cuɗanya da iskar gari, gudunta yana raguwa da sauri. Ƙarfin da farfela take samu kuwa ba ya bin gudu kai-tsaye, yana bin gudun ne an ninka shi da kansa har sau uku. Idan gudu ya ragu zuwa rabi, ƙarfin da ke ratsa farfelar ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Don haka mai gwaji yana tsakanin abu biyu: ya matso ya cutar da na'urar, ko ya ja baya farfelar ta riƙa juyi da kyar. Akwai tsaka-tsakin da za a iya samun ɗan abu ba tare da ɓarna mai yawa ba, amma ɗan abin nan gutsuren wat ne. Ƙaramin faifan sola mai wat 20, wanda ake sayarwa a kowace kasuwar kayan wuta, a ranar Kano yana tara ninki goma na abin da farfelar za ta bayar a ranar da ta fi sa'a, ba ya motsi, ba ya ƙara, ba ya taɓa lafiyar komai.

To me ya sa a bidiyo abin yake kama da ya yi aiki? Yawanci ba yaudara ba ce, auna abin da bai kamata ba ne. Za ka ga an kusanto da farfelar, ta ɗauki juyi har fukafukanta sun ɓace wa ido, an jona wayoyi biyu a na'urar awo, lambobi suna hawa: 6, 9, 12. Sai mai bidiyon ya ɗago na'urar ya nuna wa kyamara, ga bolt 12, daidai da batirin mota. Amma bolt ba shi ne wuta ba. Matsin da ke tura wutar ne, kuma dinamon da ba a ɗora masa komai ba yana iya nuna bolt mai yawa alhali ba ya ba da komai. Sai an ninka bolt da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin wayar, ake samun wat. Ka jona masa ƙwan mota ɗaya ka gani: nan take farfelar za ta yi nauyi kamar an riƙe ta da hannu, lambar ta zube ƙasa. Shi ya sa kusan kullum da ƙananan ƙwayayen nan masu haske irin na tocila ake nuna nasarar. Kowane ɗaya bai wuce wat 0.06 yake sha ba. Guda goma a cikin duhu suna ɗaukar ido sosai, amma duk taron nasu bai cika wat ɗaya ba.

Masu kare dabarar suna kafa hujja da binciken jami'o'i, kuma da gaske an yi shi. A Jami'ar Malaya da ke Kwala Lamfur, wata tawaga ƙarƙashin Chong Wen Tong ta wallafa sakamakon gwaje-gwaje a wajajen 2013 da 2014 kan kafa farfela a saman hasumiyoyin sanyaya ruwa na manyan gine-gine. Sai dai a lura da bambanci. Fankar irin wannan hasumiya faɗinta mitoci ne, tana shan kilowat masu yawa, iskarta ta fi ta gida gudu, kuma tana aiki dare da rana. Sun tsara wurin zaman farfelar da murfinta da kyau don kada iska ta ragu. Duk da haka abin da suka ba da rahoton maidowa ƙaramin kaso ne na abin da fankar take sha, ba na dukan na'urar sanyaya ginin ba. Kuma injiniyoyi da dama suna mayar da martani da hujjar da nake ganin ta fi ƙarfi: idan har iska tana fita da gudun da ya isa a girbe shi, to alama ce an ba fankar ƙarfi fiye da buƙata, ko an tsara bakinta ba daidai ba. Wutar fanka ita ma tana bin ƙa'idar ninki uku ɗin nan. Ka rage mata gudu da kashi 20 cikin 100, wutar da take sha ta ragu da kusan rabi. Rage abin tun daga tushe ya fi sauƙi da arha a kan a kashe shi sannan a bi shi da gudu ana neman kamo wutsiyarsa. Abin da sababbin na'urori masu inbata suke yi ke nan, suna sassauta gudun kwamfuresa, da yawansu har da na fanka, gwargwadon buƙatar ɗaki.

Ba kowane maido da makamashi ne ruɗi ba, kada a fahimce ni a baibai. Motar lantarki tana cajin batirinta idan direba ya taka birki, domin gudun motar dama dole a kashe shi, kuma da a ƙarfen birki zai ƙone. Manyan motocin dizal suna amfani da hayaƙin salansa wajen juya farfelar da ke cusa iska cikin inji, domin hayaƙin yana fita da zafin ɗaruruwan digiri da matsi mai yawa. Tambayoyi biyu ne suke raba na gaske da na bogi: abin da ake son kamawa yana da yawa? Kuma kama shi ba zai ƙara wa injin da ya samar da shi nauyi ba? Birki ya amsa duka biyun. Iskar iyakwandishan ta faɗi a ta farko warwas, a ta biyu kuma sai da dabara take tsira.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan batu shi ne, lallai akwai dukiya da akwatin nan yake zubarwa, kuma masu farfela suna tsaye a cikinta ba su lura ba. Zafin ne. Wat 3,500 da aka kwaso daga ɗaki, a haɗa da 1,100 da na'urar ta sha, duk ta nan suke fita: wat 4,600 na zafi, a gefen wat 5 na gudu. Kusan ninki dubu. Sai tunani ya tafi ga cewa to a mayar da zafin wuta mana. A nan kuma sai a yi karo da wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa abin da za a iya mayarwa aiki daga zafi ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin abu mai zafi da abu mai sanyi. Tashoshin wuta suna dafa tururi ya haura digiri 500 don su sami wannan tazara. Iskar da ke fita daga akwatin kuwa ta fi iskar gari da digiri 8 zuwa 10 ne kawai, a ce 50 a ranar da gari yake 42. A irin wannan tazara, ko injin da babu aibu a jikinsa bai iya mayar da fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, na gaske kuwa ɗan gutsuren wannan yake samu. Akwai 'yan faya-fayan da ke ba da wuta idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, bisa abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821, amma a tazarar digiri 8 abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba, kuma lulluɓe bututun da su yana hana zafin fita.

Zafi, a bar shi a matsayin zafi, a nan ne ribar take. Bututun da ke fitowa daga kwamfuresa yana kaiwa digiri 70 zuwa 90, wanda ya taɓa shi bisa kuskure ba ya mantawa. Akwai na'urar da ake ratsa wannan bututu da ita ta cikin tankin ruwa kafin gas ɗin ya isa fukafukan alminiyon. Ɗumama lita 100 na ruwa daga digiri 30 zuwa 50 yana cin fiye da yunit 2 idan da hita aka yi. Ta wannan hanya ana samunsa cikin 'yan sa'o'i, kuma maimakon a wahalar da kwamfuresa an ma rage mata kaya. Rana ɗaya ta wannan ta kusa kamo shekara guda ta farfela. Gaskiya ne a gidajenmu lokutan ba su cika haɗuwa ba: da bazara babu mai neman ruwan zafi, da hunturu kuma babu mai kunna iyakwandishan. Amma otal da asibiti da gidan wanki da manyan ɗakunan girki suna buƙatar ruwan zafi shekara zagaye, kuma su ne suke da na'urori da yawa. Aiki ne na ƙwararren mai gyara, don sai an taɓa bututun gas, ba na gwaji a tsakar gida ba.

Ga mai gida kuwa, wutar da yake nema tana cikin wat 1,100 ɗin da kwamfuresa take sha, kuma hanyoyin kama ta ba su da ban sha'awa a bidiyo. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da aka ɗaga a rimot yana rage kusan kashi 6 cikin 100 na wuta, har ƙasar ta sa doka daga Janairun 2020 cewa sababbin na'urori su fito a saite kan digiri 24. Mu a nan da yawa 16 muke dannawa, muna zaton haka zai sa ɗakin ya yi sanyi da wuri, alhali abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfuresa hutawa, daga ƙarshe a ja bargo. Daga 18 zuwa 25, da fankar sama tana juyawa a hankali, an tsira da ɗaruruwan wat. Sannan ga ƙura. Ka leƙa bayan akwatin waje a ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya gama sauka: fukafukan da ya kamata ka hango haske ta cikinsu sun toshe da jan gari, da gashin tsuntsu, da ɓawon leda. Wannan toshewar tana yi wa na'urar irin abin da farfela take yi, har ma fiye, kuma wankin rabin sa'a da ruwa marar ƙarfi, bayan an kashe wuta, yana gyara ta. A yi wa akwatin rumfa daga sama ba tare da an rufe gabansa ba, a sa silin mai kauri ƙarƙashin kwano, a tare tagar yamma. Kakanninmu da suka gina soro da katangar tubali mai kauri da ƙananan tagogi sun riga mu gane cewa zafin da bai shigo ba, ba sai an biya kuɗin fitar da shi ba.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan ƙaramin batu da muhimmanci. Ɗan'uwansa na jini shi ne abin da ake tallatawa da sunan janareta marar mai, inda injin lantarki yake juya dinamo, dinamo ya caja batir, batir ya koma ya juya injin. Mafarki ne mai tsohon tarihi. Tun ƙarni na 12 masanin lissafin Indiya Bhaskara ya zana wata ƙafa da ya yi zaton za ta yi ta juyawa har abada, kuma a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta gaji, ta yanke shawarar daina karɓar irin waɗannan zane-zane. Yau ana karɓar kuɗin mutane a kansa, batir ya ƙare bayan 'yan sa'o'i, mai saye ya rasa wanda zai kama. Matasanmu masu ƙirƙira, waɗanda suke haɗa abubuwa daga bola da tsofaffin rediyo, hannunsu yana da albarka ƙwarai. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tafa musu a kan abin da bai yi aiki ba, a ɗauki hotonsu, a watse, ba tare da wani ya zauna ya nuna musu yadda ake aunawa ba. Yaron da ya iya naɗa waya ya ƙera dinamo da hannunsa, awa ɗaya ta ishe shi ya gane bambancin bolt da wat idan ya sami mai koya masa.

Don haka ban ce kada ɗalibi ya gwada farfelar ba. Ya gwada, amma da ma'auni biyu. Ɗaya a kan wayar dinamo, da kaya a jone, ana karanta bolt da amfiya tare. Ɗayan a kan wayar da ke ba iyakwandishan wuta, a karanta shi farfela tana nan, a cire ta a sake karantawa, a lokaci ɗaya na yini, rimot yana wuri ɗaya, kowane awo a ba shi aƙalla rabin sa'a don na'urar ta daidaita. A maimaita a tazarar santimita 10, da 30, da mita ɗaya, a rubuta zafin iskar da ke shiga ta bayan akwatin kowane karo. Malamin da ke duba aikin kada ya sa hannu sai ya ga lambobin biyu a jere, an ɗebe ɗaya daga ɗaya. Da waɗannan kayan awon kuma, ɗalibin zai iya zagaya gidaje ashirin a unguwarsu a ƙarshen hunturu, ya auna abin da kowace na'ura take sha kafin a wanke ta da bayan an wanke ta, ya kawo wa masu gidajen lissafin a naira.